Kan Motar Maniru

Boɗinga, watan Safar, 1951

Takarda ta fito daga hannun Arzika ɗan Isa, mai gyaran mota a bakin kasuwar Boɗinga, zuwa ga taubashinsa kuma bawansa Sodangi, a Shagari. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina Goggo Inno, yaya ƙafarta da sanyin nan? Ina Safinatu da yara? Mu nan lafiya lau, sai tarin da na zo da shi daga soja, shi ma ya yi sauƙi. An ce mini bana ka cika fadama da albasa har ba wurin taka ƙafa. Madalla. Bawan da ke noma haka ba zan sayar da shi ba.

Bayan haka, ga dalilin rubutuna. Ka ji labarin kitikar nan, ƙaramar motar ɗaukar kaya, wadda ta kama wuta a hanyar Dingyaɗi bara. Mai ita ya yafe ta, na sa aka jawo mini gawarta. Wuta ta cinye inji da wurin zama da katako, amma shasi, wato ƙashin bayan da ake ɗora kome a kansa, lafiyarsa lau. Na samo tayoyi da giyabos, wato akwatin canjin gudu, daga wata matacciyar mota a Sakkwato. So nake in haɗa mota guda daga cikin matattun nan, in yi mata bodin katako a baya. 'Yan kasuwa sai dariya suke yi, wai Arzika ya dawo daga yaƙin Bama da taɓin hankali. A can kuwa aikinmu ke nan, mu kwance wannan mu tayar da waccan.

Abin da na rasa yana ƙofar gidanku. Na daɗe ina juya maganar a raina don na san nauyinta. Motar marigayi Maniru, tun da ta kife da shi a Lambara kuka jawo ta da shanu, tana nan ƙarƙashin tsamiya, rana da ruwa suna cinta. Ƙaninka ne, na sani. Ni kuma ni na fara ɗora hannunsa a kan sitiyari, ba zan so motarsa ta ƙare a turken awaki ba. Ku ba ni injin da duk abin da ya yi saura mai amfani. Ko kan injin ya fashe, wato murfin ƙarfen da ke samansa, ba kome, ina da wani a ajiye.

In Allah ya yarda ta tashi, albasarka ce kaya na farko. Ba sauran ka ɗora wa jakai ta kwana a hanya, ta isa Sakkwato tana tsiyayar ruwa. Ka yi wa Goggo maganar a hankali. In ta ƙi, na haƙura, ba kuwa zan sake tayar da zancen ba.

Haza wassalam.

Shagari, watan Safar

Daga Sodangi ɗan Garba zuwa ga Arzika, mai kiran kansa ubangiji alhali ko akuya bai mallaka ba. Gaisuwa da aminci da sada zumunta. Masu jakai sun kawo takardarka, na karanta, na ji daɗin lafiyarku. Inno na nan, ƙafa sai a hankali. Safinatu na gaishe ka, ta ce ka yi aure ka bar auren ƙarfe. Albasa ta kama, sai dai rijiya ta yi zurfi bana, kafaɗuna duk sun mutu wajen ban ruwa.

Zancen motar Maniru, ban kai wa Inno shi nan take ba. Sai da na bari ta yi la'asar tana kaɗi, na zauna na ce, "Inno, Arzika na Kawu Isa ya aiko, shina son ƙarfen wanga na ƙofar gida." Ta ci gaba da murza mazarinta. Can ta ce, "Mi zai yi da shi?" Na ce zai tashi wata mota da shi. Ta ce, "Tashi za ta yi ta yi tafiya?" Na ce haka ya ce, shi da ƙaryarsa. Ta ce, "To, a ba shi. Da baƙo gara shi."

Saboda haka ka zo ka ɗauki abin da kake so. Sai dai kan, ta ce a bar mata shi. Kada ka tambaye ni dalili, tsofaffi da halinsu.

Ni dai ban taɓa son motar nan ba, tun ranar da Maniru ya sawo ta wurin gwanjon soja. Amma in za ta kai mini albasa birni kafin ta ruɓe, ta yi abin kirki ko sau ɗaya. In za ka zo ka taho da goro, ba a shiga gidan bawa hannu sake.

Wassalam.

Boɗinga, watan Takutaha

Zuwa ga Sodangi. Gaisuwa da ta'aziyya. Na zo Shagari da amalanken shanu da mutanena, sai na tarar kun tafi Yabo, an ce yayar babanka ce ta rasu. Allah ya jiƙanta, ya ba Goggo haƙuri. Na so in jira ku, amma masu shanun suna da aikin gyaɗa a gabansu, ba su yarda su kwana ba. Na yi sallama, Safinatu ta amsa daga cikin gida ta ce, "Maigida ya bar sallahu ka ɗauka." Goronka yana wurinta.

Sodangi, injin nan bai mutu ba! Da na zuba masa kananzir na murza, sai ya juya kamar jiya aka kashe shi. Maniru ya riƙe shi da kyau, Allah ya yi masa rahama. Sai da na koma bayan tsamiya na share ido kada mutanena su gani. Mun rataya igiya a reshe muka ɗaga shi zuwa amalanke. Na ɗauki lagireto da tankin mai, na kuma kwance ɗakin direba gaba ɗayansa, da ƙofofi da gilashi da kujera, tunda ban da ɗan loɓawa a rufi ba abin da ya same shi.

Kan kuwa na cika umarnin Goggo. Na kwance shi daga jikin injin, na wanke shi tas, na naɗe shi a buhu na ɗora a kan dutse a gindin tsamiya. Ban tambayi dalili ba kamar yadda ka ce. Na dai yi tunanin ko hannun Maniru ne ya yawaita a kansa, don kullum shi yake buɗewa.

Yanzu aiki ya kankama. Injin babbar mota ne, shasin kuwa na ƙarama, sai da Hassan maƙeri ya ƙera mini ƙafafun da zai zauna a kai. Kafinta ya fara feƙe katakon bodi. Masu dariya sun ragu, yanzu tsayawa suke yi suna ba da shawara. Ka tanadi buhuna.

Haza wassalam.

Shagari, watan Takutaha

Zuwa ga Arzika. Na amsa ta'aziyyarka. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Mi ka yi mana haka?

Munka dawo daga Yabo da hantsi, Inno na bisa jaki ina jaye da shi. Da munka karyo kwana ta ɗaga kai ta dubi tsamiya, sai ta ga ƙarafa tsirara kamar haƙarƙarin mushe. Ta ce, "Sodangi, ina ɗakin Maniru?" Na tsai da jakin. Ta sauka da kanta, ita da sai an riƙe ta, ta je ta buɗe buhun da ka ajiye. Ta dubi guntun ƙarfen ta dube ni ta ce, "Wanga mi ne ne?"

Tunda sai an fayyace maka, to, saurara. A Lambara anka rufe Maniru ranar da abin ya faru. Inno ba ta ga gawarsa ba, ba ta san kabarinsa ba. Kan motar nan shi ne abin da ya rage mata. Kullum da safe sai ta share cikinsa, ta goge gilashi da bakin zanenta, ta hau ta zauna gefen da ba na direba ba, ta yi kaɗinta har rana ta yi zafi. Wani lokaci ana jin tana magana. Yara sun san ba a hawa wurin, awaki ma sun sani. Ban rubuta maka wannan ba, don wane ɗa ne zai sa a takarda cewa uwarsa na zance da ƙarfe, takardar da ke yawo a jakar masu jakai?

Na ce maka a bar mata kan. Duk Shagari, har makaho, in an ce kan mota ya san inda direba ke zama ake nufi. Kai da ka ga Bama ka ga teku, kai kaɗai ne ba ka sani ba? Ko kuwa kan taka motar ne wuta ta cinye, ka ga na marayu a banza, ka karanta takardata yadda ta yi maka daɗi? Ka kuma zaɓi ranar da ba namiji a gida.

Tun ranar Inno ba ta taɓa mazari ba. Tana fita da tsintsiya da safe, ta tsaya, ta dawo.

Ka riƙe injin, ka riƙe duk abin da ka kwasa. Kan nan ka maido shi yadda ka ɗauke shi, kafin ka sake kirana da wani suna na wasa.

Wassalam.

Boɗinga, watan Rabi'ul Ahir, 1952

Zuwa ga yayana Sodangi. Gaisuwa, da roƙon Allah ya sanyaya zuciyar Goggo. Takardarka ba ta zo mini da wuri ba. Masu jakan sun zarce Sakkwato da ita, sai a kan hanyarsu ta dawowa suka tuna. Da ta zo a kan kari, da abin da zan faɗa maka yanzu bai faru ba.

Ɗakin direban ya fi shasin faɗi. Na sa zarto na raba shi biyu daga rufi har ƙasa, na cire tsakiyarsa kamar taƙi guda, Hassan ya haɗe shi da ƙusoshi. Kujerar ma an rage ta. Gilashin gaba na yanka shi. Ba zan iya maido maka da shi yadda na ɗauke shi ba, ko ni ko wanda ya fi ni.

Ka kira ni ɓarawo a fakaice, to, bari in amsa. Ɗauko takardata ta farko ka duba. Kai guda na ambata a ciki, kan inji, har na yi maka bayaninsa. Ka amso ka ce a bar kan, kada in tambayi dalili. Me kake so in fahimta? Mu masu gyara in mun ce kai, shi muke nufi. Kalma biyu za ka ƙara, ka ce inda direba ke zama, amma ka yi rowar tawada. Kunya ta hana ka faɗa mini halin da Goggo ke ciki, ni da ubana da ita ciki ɗaya suka fito. Ashe a wurinka ni ma bare ne. Ranar zuwa kuwa ba ni na zaɓa ba, ban san za a yi mutuwa a Yabo ba.

Gaskiya na ga cikin ɗakin a share, na kuma tsinci mazari da ɗan guntun auduga a kan kujera. Na ɗauka wasan yara ne, na miƙa wa Safinatu ta zaure. Ita ma da ta karɓa ba ta ce mini kome ba.

Ga abin da zan iya. In kana so, gobe in kwance shi in ɗoro a amalanke, da ɗinkinsa da kome, in mayar gindin tsamiya, motata ta zauna ba kai. Ko kuwa ka bari in gama, in kawo wa Goggo ita tana numfashi, ta shiga ta zauna a wurinta, in zaga da ita gari. Ka tambaye ta, ka faɗa mini wanne. Na dakatar da aiki ina jiran amsarka.

Wassalam.

Boɗinga, watan Rajab

Zuwa ga Sodangi. Gaisuwa. Ina fatan zafin nan bai takura wa Goggo ba. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, ban ga amsarka ba. Duk ranar kasuwa sai na tare masu jakai, su ce ba ka ba su kome ba. Ɗaya ya ce ya gan ka a fadama, ya ce maka zai zo Boɗinga, ka ce Allah ya kiyaye hanya.

Na jira har kafinta ya ce zai kwashe katakonsa, don gara ta fara shiga. Da na ga shirun ya yi yawa sai na ci gaba. Ban san ko na yi daidai ba, amma ba wanda ya ce mini a'a.

Ta tashi, Sodangi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na murza ƙarfen tayarwa, ta yi tari, ta yi tari, sai ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe rumfa, kaji suka watse, Hassan maƙeri ya jefar da hularsa sama. Na fita da ita har Dingyaɗi na dawo, mutane cike a baya suna kabbara. Ta wuce daidai inda shasinta ya ƙone ko gezau. Na kai ta Sakkwato an duba ta an ba ta lamba. Baturen da ya duba ya zaga ta ya sake zagawa, ya ce bai san sunan da zai rubuta mata ba. Ban sake fentin kan ba, koren nan na Maniru na bari.

Na yi zaton ranar zan yi murnar da ban taɓa yi ba. Da jama'a suka watse sai na zauna a ciki ni kaɗai, na dubi gefen da ba na direba ba, na kasa cin abinci.

Na san albasa ta isa cira. Alkawarina yana nan. Ka faɗi rana in zo bakin fadama, ba sai na shiga gari ba in ba ka so.

Wassalam.

Shagari, watan Sha'aban

Zuwa ga Arzika. Muna lafiya.

Kana son amsa, ga ta. Na gaya wa Inno abin da ka ce. Da ta ji an sa masa zarto, ta ce ba ta son ganinsa, ko a mace ko a raye. Ban ga abin rubutawa a cikin wannan ba, shi ya sa na yi shiru. Kai kuma ka mai da shiruna izini, kamar yadda ka saba.

Albasa na cire ta, na ɗora wa jakai kamar kowace shekara. Zafi ya kama ta a hanya, abin da ya ruɓe na zubar a bayan birni. Ban yi da-na-sani ba. Da in ga buhuna a bayan motar nan gara in zubar da ita duka.

An ce za ka fara jigilar 'yan kasuwa zuwa Jega. Hanya ta gwamnati ce, ba ni da ikon hana ka bi. Amma ƙofar gidana tawa ce. Kada ka tsaya.

Wassalam.

Boɗinga, bayan Ƙaramar Salla

Zuwa ga yayana Sodangi. Barka da salla, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Ka gaishe da Goggo in za ta amsa. Wannan ce sallar farko da ban zo na durƙusa a gabanta ba tun dawowata daga soja.

Na fara zuwa Jega duk mako. Motar tana jan kaya fiye da girmanta, ko a laka ba ta tsaya mini ba. Na kiyaye maganarka, ban taɓa taka birki a ƙofar gidanka ba. Amma ba zan iya wuce gidan ƙanwar ubana kamar na wuce kango ba. Saboda haka in na karyo kwanar nan nakan danna ham in yi busa, dogo ɗaya da gajeru biyu, irin yadda muke yi a soja in mun iso bariki. Ham ɗin tare da kan ya zo, shi kaɗai ne abin da ban taɓa da gyara ba. In kun ji, ni ne, gaisuwa ce. Ba na neman a fito.

Ran nan kamar na hango mace a bakin hanya ta madubi, amma ruwa ake yi, ban tantance ba.

Wassalam.

Shagari, watan Zulƙida

Arzika.

Ashe da gangan kake yi. Na ɗauka mantuwa ce, har ina neman yadda zan faɗa maka.

Wa ya koya wa Maniru tuƙi? Kai. To, wa kake tsammani ya koya masa wannan busa? Dogo ɗaya da gajeru biyu, a wannan kwana, da wannan ham mai shaƙaƙƙiyar murya, haka yake yi duk ranar da ya dawo daga tafiya don a ɗora masa ruwan wanka.

Tun da anka ɗauke kan nan hankalin Inno ya fara gushewa, ban gaya maka ba don ba huruminka ba ne. Takan kira ni da sunan ubana. Ranar da ka fara busarka tana zaune tana tsince wake. Ta saki ƙwaryar, ta fita ba mayafi, tsohuwar da ko masallaci sai da sanda. Idonta ba ya gani sosai, amma ta ga kore ya wuce. Ta dawo tana dariya, dariyar da rabona da ji tun Maniru na da rai. Ta ce, "Safinatu, dama fura, ga auta nan ya dawo. Lodi gare shi, zai sauke, sannan shi juyo." Ta sa anka share zaure. Ta zauna da ƙwaryar fura a gabanta tana kore ƙuda har rana ta faɗi.

Haka muke yi duk mako. Safinatu na damun fura tana kuka. Maƙwabta sun fara leƙe, yara sun fara cewa ga uwar direba.

Matar da ka hango ta madubi ita ce. Bin ka ta yi cikin ruwan tana kira, santsi ya kwashe ta ta faɗa kwata. Gwiwarta ta kumbura, ni na ɗauko ta a kafaɗa a gaban jama'a, zanenta duk laka. Tana ce mini, "Bai ji ni ba ne, ƙarar inji ta yi yawa."

Ka ɗauke mata wurin zama, yanzu ka dawo mata da gawa tana yawo a hanya. Ka riƙe gaisuwarka. In akwai sauran tsoron Allah a ranka, ka wuce shiru.

Boɗinga, watan Zulƙida

Yaya Sodangi,

Na karanta. Wallahi ban san Maniru ya riƙe wannan busa ba, ban taɓa kasancewa a Shagari ranar dawowarsa ba.

Na cire ham ɗin da hannuna. Ga shi nan a cikin tsumma tare da takardar nan, ka yi yadda ka ga dama da shi. Ba wata hanyar Jega sai ta ƙofarku, da na canza. Daga yau in na zo kwanar zan sassauta inji in wuce kamar ɓarawo, tunda sunan da ka ba ni ke nan.

Na haɗo da man zafi, a shafa mata a gwiwa. Ba sai an ce daga ni ba.

Wassalam.

Shagari, watan Muharram

Zuwa ga Arzika ɗan Kawu Isa. Gaisuwa. An yi layya lafiya, gero ya nuna. Gwiwar Inno ta sace, man ya yi amfani.

Wagga takarda sai da na fara ta na yage, na sake farawa. Ba ni da wanda zan kai wa zancen sai kai, wannan kuwa ya fi kome ci mini rai.

Tun da ka yi shiru Inno ba ta sake zama daidai ba. Ta san ranar wucewarka, ban san yadda take lissafi ba. Tun safe sai ta sa a kai mata tabarma gindin tsamiya. Kana wucewa ina ganinka, ita ba ta gani, don da kunne take jira. In yamma ta yi ta ce, "Yau ma bai zo ba." Da farko takan ce ko ruwa ya cinye hanya. Daga baya ta fara tambayata, "Sodangi, mi na yi wa Maniru? Ko fushi yake don na bari anka ɗauke masa ɗaki?"

Lokacin da kake busa, in ta gaji da jira takan shanye furar da kanta, ta ce kada ta lalace, har ta nemi tuwo. Yanzu sai an yi da gaske take haɗiyar kunu. Ranar salla ko naman layya ba ta taɓa ba, ta ce a ajiye masa. Ta rame har awarwaronta na zamewa.

Na ga abin ba zai yiwu ba, na durƙusa na ce, "Inno, ki yi haƙuri, Maniru ya rasu tun shekarun baya. Mai wucewar nan Arzika ne." Ta dube ni ta ce, "Kai dai ba ka taɓa son motar nan ba." Ta juya mini baya. Liman ya zo ya yi mata nasiha, ta saurare shi da ladabi, da ya gama ta tambaye shi ko ya ga auta a hanyar Jega.

Ga ham ɗinka na maido. Ka mayar da shi inda ka cire shi. In ka karyo kwana ka busa yadda ka saba. Zan zaunar da ita nesa da kwata, in riƙe ta. Ka fito da hannu ta taga ka ɗaga mata, amma kada ka juyo da fuska, kada kuma ka tsaya. In ka tsaya za ta gane ka, ban kuwa san abin da zai biyo baya ba. Ni zan ce mata lodi gare shi. Ni da na yi furfura ban taɓa yi wa uwata ƙarya ba, yanzu zan riƙa yi mata duk mako, da taimakonka.

Kada ka ɗauki wannan a sulhu. Ban yafe ba, ban kuma ce kai kaɗai ke da laifi ba. Ba sai ka amsa takardar nan ba, zan ji amsarka a kwana.

Ranar da Allah ya karɓi abinsa zan aiko maka. Daga ranar sai ka wuce shiru.

Wassalam.